Kunnuwan da Aka Binne a Kolar

A Kolar, ƙasa ba ta neman izini.
Uwata na tsaka da tace shinkafa
sai kwanukan tagulla su soma hira a kan kanta.
Ta daskare da ludayi a hannu.
Matan layinmu su fito ƙofa da gudu,
kowace na ƙirga mazan da ta sallama da asuba
zuwa ramin zinariya.

Ubana, Arulappan, ba ya cikin masu sauka.
Huhunsa ya faɗi gwajin likita,
aka ba shi farar riga mai gajeren hannu
da ɗaki mai warin baƙin mai da jiƙaƙƙen dutse.
Za a kawo masa ɓalli daga zurfin ƙafa dubu tara,
yakan rantse da sauran ɗumi a jikinsa,
ya yanka, ya goge, ya daidaita bakinsa
har ya koma kamar gaɓar rake,
sannan ya ɗora shi tsakanin muƙamuƙan injin matsi.

Injiniya Seshagiri na riƙe da agogo da fensir.
Allura na hawa. Tan goma. Tan ashirin.
Dutse mai zurfin ciki ne,
sai ya ga ba makawa yake magana:
ƙas, ƙas-ƙas, kamar riɗi a kasko,
sannan tau!
Ɓaraguzai su daki ragar ƙarfe.
Seshagiri ya rubuta lamba.
Ubana ya ɗauki tsintsiya.

Shekara bakwai, tambayarsu ɗaya:
shin dutse na gargaɗi kafin ya fashe?
In yana yi, da minti nawa?
Zai ishi mutum ya yar da guduma
ya kai bakin keji?

Suka binne kunnuwan ƙarfe a bangon rami,
suka ja waya har doron ƙasa,
inda wani siririn alƙalami ke tafiya
a kan takarda mai juyawa, ba dare ba rana.
Ni nake kai wa ubana abinci.
Nakan tsaya ina kallon layin nan yana rawa
kamar sawun tururuwar da ta faɗa tawada.

Ranar Talatar da maƙwabcinmu Irudayam bai hau ba,
layin ya tafi sumul, miƙaƙƙe,
har zuwa daƙiƙar da tagoginmu suka amsa.
Dutse bai ce uffan ba.

Da dare Seshagiri ya zo layinmu a ƙafa,
ya tuɓe takalmi a ƙofar matar mamacin,
ya rasa inda zai sa hannuwansa.
Ya ce, “Kunnuwanmu ba su kai ba tukuna.”
Ta dube shi. Ta ci gaba da tsefe kan 'yarta.
Washegari ubana ya riga kowa buɗe ɗakin,
ya yanka guda shida.

Rahoton ya fito a wata mujalla ta ƙetaren teku,
shafi goma sha huɗu, da jadawali, da zanen tsaga.
Ƙarshensa: ana bukatar ƙarin bincike.
Can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, an gode wa ubana,
an yar da harafi ɗaya daga sunansa.
Bai iya karanta harshen ba.
Ya naɗe shi a tsohon zanen uwata
ya sa a akwatin kwano, kusa da takardar aurensu.

Yau ramukan sun cika da ruwa,
kejin ya yi tsatsa, awaki na kiwo gindin hasumiya.
Gaɓar dutse ɗaya ta rage mini,
mai lamba ɗari uku da tara da jan fenti,
wadda injin ya lalace kafin a zo kanta.
Da ita nake tokare ƙofar kicin.

Jiya jikata Malarvizhi ta same ni
na kara ta a kunne.
Ta ce, “Kaka, me take cewa?”
Na ce ta rage muryar rediyo.