Mai Gadin Ƙarfe

Shekara ashirin da shida ina gadin ƙarfen nan
a bayan Andaza, gab da fadamar Sallau.
Ban taɓa hawa jirgi ba.
An dai ce ƙarfen ke raɗa wa matuƙa hanya,
ni nawa zuba wa janareta mai
da korar awaki daga waya.

Ran Talata takarda ta iso daga Abuja,
sa hannu kamar tonon kaza:
a sauke tsohon kaya kafin kaka,
tauraron ɗan'adam ya karɓi jagora.

Injiniya Nafi'u ya nuna min wayarsa,
jirage kamar kiyashi a faranti.
"Baba, ga na alhazai, ya wuce Gaya."
Na ɗaga kai. Gaskiyarsa.

Ban yi musu ba, rai ya fi ƙarfe.
Na ce, to shamuwar da ke sheƙa a ƙolinsa
tun Tabawa tana da rai,
wa zai kai mata takarda?

Ya yi dariya.
Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas,
ta sauka,
ba ta nemi izinin kowa ba.