Aro da Rance

Shekara hamsin da huɗu, ga ni a kan benci
a ajin dare na Gangare,
gwiwata ta ƙi shiga ƙarƙashin teburin yara.
Ruwan Agusta na dukan kwano,
birona ya ƙafe.
Na juya ga yaron da ke gefena, na gyara murya:
"Borrow me your biro."

Malama Kachollom ta ajiye alli.
"Baba Sallau, ka sa wandon a baibai."
Ta san ni tela ne, da allurata take sukata.

Ta rubuta su biyu a allo, ta ja layi tsakani.
Dukansu aikatau ne, in ji ta,
sai dai kowa da inda ya sa gaba.
Lend na mai miƙawa ne, hannu yana fita.
Borrow na mai karɓa, hannu yana komowa.
Lend yakan zaunar da mutum dab da shi,
lend me, kafaɗa da kafaɗa, ba shamaki.
Borrow kuwa mai jin nauyi ne,
ba ya isa gaban mutum shi kaɗai,
sai ya tura from ta yi masa sallama.
In abin ya wuce, borrow ya ɗaura ed kamar jela,
lend ya haɗiye d ɗinsa, ya tofo t.

Na ce, "Malama, mu ba haka muka yanka ƙyallen ba.
Na ara maka, na ari naka,
saiwa ɗaya ce, bakin ma ɗaya.
Mu kayan muke dubawa.
In tsani ne, ko dutsen guga, ko rigar zuwa ɗaurin aure,
aro ne: shi ɗin za ka mayar, har da tabonsa.
In gishiri ne, ko mudun acca, ko dubu biyu,
rance ne: wancan ya tafi,
ɗan'uwansa ake jira.
Bature hanya ya auna, mu muka auna kaya."

Ta yi dariya har ta share ido da bayan hannu.
"To, aikin gida. Kowace kalma, jimla ɗaya."

Na iso shago ruwa bai ɗauke ba.
Ga shi nan a kusurwa, baƙin keken ɗinki,
fentin kafaɗarsa ya goge inda nake dafawa.
Na mahaifiyar Chuwang ne.
Shekarar da wuta ta ci layinmu
shi ya turo shi a baro, cikin sanyin asuba,
ya ce, "Riƙe har ka miƙe."
Na miƙe.
Kafin in juya gari ya tsage kamar tsohon zane,
shi ya yi can, ni na yi nan,
lambarsa ta daina shiga.

A Hausance aro ne, ba gardama,
ƙarfen nan da kansa ake bina.
To tuwon da ya ɗinko wa 'ya'ya bakwai fa?
Da wane mudu ake auna ramuwarsa?

Na rubuta ta farko da biron yaro:
Chuwang lent me a machine.
Sunansa da nawa, kalma ɗaya tsakani.
Ta biyu na kai from na tsaya.
Haruffa huɗu kacal,
amma duk faɗin Jos na kwance a bayansu.

Ran Laraba ta bi layi da jan biro.
Ta iso kan nawa, ba ta ja komai ba.
"Wane Chuwang? Ba mai gyaran rediyo ba,
mai ɗingishi da ƙafar hagu?"

Ban amsa ba, maƙogwaro ya ƙi.
Na dai mayar wa yaro da bironsa.
A hanya na tsaya na sayi man keke,
na tambayi Ɗan'azumi mai baro
nawa zai yi mini zuwa Hwolshe.