Reshen Hagu

Shekara talatin da ɗaya ina ɗura jar roba
cikin jijiyoyin matattu
a ɗakin ƙasa na makarantar likitanci ta Valparaíso,
don yara su ga inda jini ke bi.

Huɗu ne ke hawa ta wuya,
biyu ta gaba, biyu raɓe da ƙashi ta baya.
A gindin ƙwaƙwalwa suke ƙulla zobe,
in ɗaya ta gaza, 'yar'uwarta ta ranta mata.
Haka nake gaya musu. Ban cika ƙarawa ba
cewa da an wuce zoben
kowane reshe ta kansa yake yi.

Nakan ɗora ta a tafi, kilo ɗaya da 'yan kai.
Ɓawon toka-toka, bai fi na lemo kauri ba,
an nannaɗe shi tudu da kwari
kamar garin nan namu da ya rasa fili
ya hau duwatsu yana leƙen teku.
Gani na can unguwar ƙeya.
Magana tana hagu, tsakanin goshi da saman kunne.

Wata Talata Griselda na yanka albasa
wuƙar ta suɓuce daga hannunta na dama.
Ta dube ni, ta buɗe baki,
shiru.

Likita Norambuena, wadda ni na koya wa riƙe almakashi,
ta nuna mini hoton tana kauce wa idona.
Ba sai ta yi bayani ba.
Na san reshen. Sau nawa na cika shi da ja?
Gudan jinin bai fi ƙwayar shinkafa ba.
Hagu aka toshe, dama ta shanye,
don hanyoyin na gitta juna can saman laka,
yadda na sha zanawa a allo, hannuna ko gezau.

Wata bakwai ke nan.
Cokali ta ce masa taga.
Sunana bai dawo ba tukuna.
Amma jiya da miya ta kama gindi
ta ɗura wa tukunyar ashar, cikakkiya, tiryan-tiryan,
muka yi dariya har maƙwabta suka buga bango.

Yau wani ɗalibi, Amaro, ya tare ni
wai wace jijiya za ta fito a jarrabawa.
Na kama yatsansa na aza a reshen hagu.
Na ce, wannan.
Taɓa a hankali.