Ɓera Ne Ya Kai Ni

Ɓera ne ya kai ni, ba tausayi ba,
gara in faɗi gaskiya tun farko.
Ya ci gefen takardar sallamata ta masaƙa
da ke ƙarƙashin katifa shekara ashirin
tana taya ni jiran haƙƙina.
Ya cinye sa hannun manaja, ya bar mini kwanan wata.

Jikata Uwani ta ce akwai wata mata a Barnawa
mai tsintar kyanwoyi kamar mai kalar gyaɗa.
Muka shiga keke daga Kakuri,
ruwan Agusta na dukan tamfol.

Dakta Rifkatu ta tura ƙofa da gwiwa.
Warin magani, ƙarnin kifi,
keji bisa keji, idanu kamar fitilun kasuwar dare.
"Wannan a kwata muka ciro ta, Kasuwar Bacci.
Waɗannan huɗun a kwali, ƙarƙashin gada.
Wanda ya ɗaure kwalin ya iya ƙulli."

Na ce, "Mafarauci nake so. Muzuru mai zafin nama."
Ta dube ni ta saman tabarau,
ta jawo littafi, ta tsare ni da tambaya
kamar na zo neman auren ƙanwarta:
Wa ke gidan? In ta yi ciwo fa?
In ka yi tafiya fa?
Ni da na aurar da 'ya'ya uku
ban titsiye surukaina haka ba.

Ina cikin amsa na ji nauyi a kan takalmina.
Baƙa ce. Tsohuwa. Ido ɗaya,
wutsiya ta karye ta warke a karkace.
"Ai wannan ba mai ɗaukarta," in ji Dakta.
"Sun ce mayya ce, yara suka bi ta da jifa.
Haƙoranta uku suka rage.
Ita da ɓera sai dai su gaisa."

Na sunkuya zan ture ta,
sai ta tayar da inji.
Ƙugin nan daga can cikin ƙirji,
ba hawa, ba sauka,
irin na layi na shida in dare ya raba,
injin saƙa ɗari da numfashi ɗaya,
auduga na sauka a gira.
Tun ranar da aka garƙame mana ƙofa da kwaɗo
ban sake jin sa ba.
Uwani ta ce, "Kaka, me ya faɗa maka a ido?"
Na ce mata auduga.

Na sa mata suna Atamfa
ko da yake ba zane ko ɗaya a jikinta.
Maƙwabcina Ɗanjuma ya ƙaurace wa tabarmata kwana tara,
a na goma ya zo da kan kifi a leda,
wai matarsa ce ta aiko.

Ɓera yana nan.
Jiya ma ya wuce ta gabanta,
ta raka shi da idon nan guda, ta yi hamma.
Takardar na cusa a gwangwanin madara na rufe,
abin da ya kamata in yi tun tuni.

Da asuba ita ke riga ladan,
ta taka ƙirjina kamar mai kwaɓa fulawa.
In na dawo daga ofishin "dawo gobe"
tana bakin ƙofa,
ba ta tambaya ko an biya.
Mu biyu, waɗanda aka gama da su,
muna raba kifin ɗari biyar:
ita tsoka, saboda haƙori,
ni romo, saboda haƙori.