Tara Cikin Ashirin

Babana Thankachan mai ɗinkin taru ne a Kainakary,
inda kwalekwale ke zuwa har bakin ƙofa.
Shekara arba'in zare na bin umarnin yatsunsa.
Bana yatsun sun yi tawaye:
babban yatsa na ta murza ɗan'uwansa
kamar mai ƙirga kuɗin da babu.

Likita ya ce can ƙasan ƙwaƙwalwa
akwai wani ɗan baƙin gurbi,
ƙwayoyinsa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya
kamar fitilun masunta da asuba,
sai dai su ba a sake kunna su da dare.
Ya rubuta magani.
Maganin yakan ara masa hannunsa awa huɗu,
sannan ya zo ya karɓi kayansa.
Fitilun kuwa ba su fasa mutuwa ba.

Ni ina birni, hawa na uku, cikin farar riga,
ina kiwon ƙudaje,
'yan mitsi-mitsin nan masu jan ido
da ke rububin ruɓaɓɓiyar ayaba.
Mun ɗora musu ciwon babana da gangan.
Allah Ya yafe mana.

Aikin ba wuya: a zuba ashirin a kwalba,
a buga gindinta a tebur, a ƙirga goma.
Mai lafiya ya kama bango ya haye.
Mai ciwo ya tsaya ƙasa yana shawara da ƙafafunsa.
Na san wannan tsayuwar.
Na gan ta a dokin ƙofar coci ranar Lahadi,
mutane na jira a bayansa, ba mai cewa komai.

A abincinsu nake ɗiga abin da muka tatso:
kurkum, ɗanyen ganyen shayi,
'ya'yan ƙarara mai sa mutum tuɓe riga a jeji,
da ɗan ganyen fadamar nan da kakata Eliyamma
ke ɗura mana don mu riƙe karatu.
Kurkum ya rine min farce, ya rine tebur,
amma shiga jini sai ya noƙe.
Ko ya shiga, ƙwaƙwalwa na da katanga,
mai gadinta ba ya jin magiya.

Ranar Talata, kwalba ta sha bakwai,
tara suka hau. A da huɗu ne.
Na ƙirga sau uku, hannuna ni ma na rawa.
Malam Kuruvilla ya leƙo ta saman tabarau:
"Ƙuda ba mutum ba ne, Jisha. Sake."
Gaskiyarsa. Tsakanin ƙuda da babana
akwai ɓera, akwai shekaru,
akwai kwalabe dubu da za su ƙaryata wannan.

Gwaggo ta kawo wani gari daga kasuwa,
mai sayarwa ya rantse mata sati biyu ne.
Na ɓoye shi bayan tulun tsamiya.
Har yau ba ta gaishe ni ba.

Da na je gida ruwan sama ya kwana uku bai ɗauke ba.
Ya zauna da tarun a cinya, ni ke ɗaura ƙullin,
shi ke faɗin inda na yi kuskure.
Ya ce, "Ƙudajenki sun hau?"
Na ce tara.
"Cikin nawa?"
Na faɗa masa.

Ya ɗauki kofinsa da hannu biyu.
Rabi muke zuba masa yanzu, don kada ya ƙone.
Ya kurɓa, ya daɗe yana kallon ruwa.
Ya ce, "Sha ɗayan nan da suka rage,
kina dai ba su abinci ko?"