Mai Gyaran Rediyo

Shekara ashirin da biyu ina rumfar nan ta Bagalam.
Rediyon da ya yi gum, a hannuna yake buɗa baki.
Ko ruwa ya sha, ko ɓera ya ci wayarsa,
in na kara kunne, na san inda ciwon yake.

Sai Allah ya ba ni Habsu.

Ranar da murfin tukunya ya faɗi a bayanta,
kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya,
ita ko tana wasa da inuwar yatsunta a bango.
Uwarta ta dube ni.
Na dubi ƙasa.

Likita ya ce sanƙarau ɗin bara ne,
ya bar mana ɗiya, ya tafi da jinta.
Na tambaye shi wace waya ce ta tsinke.
Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.

Abin da na iya shi na yi: na ƙara murya.
Na kira sunanta har maƙwabta suka amsa.
A unguwa kuwa sunan ya ɓace,
kowa sai ya ce, ina bebiyarku?

Tana shekara biyar ta kwana uku tana kuka,
tana buga goshi a ƙyaure.
Muka shafa mata magani a ciki, muka yi tofi a ka,
ashe haƙori ne.
Haƙori ɗaya, kwana uku,
don ba mu da kalmar da za mu haɗu a kanta.

Wata Laraba wata mata ta zo sayen batir.
Ba ta yi sallama da baki ba, ta rubuta a takarda.
Ta ga Habsu a ƙarƙashin teburina,
ta durƙusa da zanenta mai kyau a cikin ƙasa,
ta nuna mage, ta motsa hannu.
Ta sake nuna mage, ta sake motsawa.
A na uku, hannun ɗiyata ya ɗaga.

Madam Sahiya ke nan, ta lakwal ɗin kurame.
Ta rubuta mini: kunnen ba aikinka ba ne.
Kawo ta. Kai ma ka zo.

Ni da furfurata a kan bencin yara!
Yatsun da dalma ta ƙona sun ƙi lanƙwasa.
Na so in ce shinkafa, na ce jaki,
aji ya kwashe da dariya har da buga tebur,
Habsu ta fi kowa.
Ta zo ta kama ɗan yatsana ta gyara masa zama
kamar yadda nake gyara eriya.

Uwarta ta riga ni, yanzu gulmata suke yi a gabana.
Kakarta har yau ta ƙi, wai wasan hannu ne.
Amma na gan ta shekaranjiya a bayan rumbu
tana gwadawa ita kaɗai.

Jiya da dare aka ɗauke kuran.
Habsu ta kawo cocila ta ɗora a kan turmi,
ta zauna inda hasken ya faɗa a hannunta,
ta ba ni labarin Gulbi da ya cika,
da wani saurayi da babur ɗinsa ya mutu a tsakiyar ruwa,
da yadda ya tattare wando.
Rabi na gane, rabi ya wuce ni.
Na ce ta maimaita, ta harare ni, ta maimaita.

Ta raɗa mini suna ma.
Yatsu biyu kusa da kunne, a murɗa.
Haka yaran lakwal suke kirana in na wuce,
ni kuma ina amsawa.