Mai Tafiya da Mai Zama

A Lagdo iska ma jiƙaƙƙiya ce.
Daga tafki take tasowa da ƙarnin kifi,
ta shiga ɗakin magani ba sallama,
ta kwana a akwatin batir.

Da hantsi Madam Asta ta aiko yaro a kan babur:
firjin allurar jarirai ya yi shiru,
alhali ga rana tana dukan faifan sola.

Na kwance noti huɗu.
Bakin waya ya yi kore kamar gansakuka a gindin randa,
wani gefen fari, sai ka ce kanwa ta yi zufa.
Wuta ta zo ƙofar gidanta,
ta tarar an liƙe.

Ubangidana Malam Ubale, can Garwa, daf da gada,
shi ya biya mini wannan karatu
ranar da na dirje tagulla da yashi
na kawo masa ina washe baki.
Ya ce: Ka yi mata wanka, ka bar ta tsirara.
Ƙarfe sabon guga mayunwaci ne,
ya ga laima ya kama, ya ga iska ya kama,
kafin kasuwa ta sake ci ya koma gidan jiya.

Sai ya miƙo gwangwani mai jan tsinke a baki.
Biyu ne a ciki, in ji shi,
mai tafiya da mai zama.
Mai tafiya ya narkar da maiƙo, ya kwashe dauɗa,
ya bi iska, ko sawu babu.
Mai zama ido bai taɓa ganinsa ba.
Ƙwayoyi ne, kowace da kai da jela:
kai ya ciji ƙarfe ya ƙi saki,
jela ta juya waje, ita ta ƙi jinin ruwa.
Su jeru kafaɗa da kafaɗa, sahu ba ɓaraka,
raɓa ta sauka kamar a bayan agwagwa,
ta rasa wurin zama,
ta gangare.

Na ce: To wuta fa, ta ina?
Ya yi dariya har tabarau ya zame.
Rigar ba ta kai ɓawon albasa kauri ba, yaro.
Ɗaure noti, ƙarfe ya matsi ɗan'uwansa,
sai su ja gefe su ba da hanya,
su tsaya gadi a kewaye.

Yau na fara cire batir, kamar yadda ya saba tsawatarwa.
Na sa buroshi, na fesa, na jira.
Sanyi ya kama ɗan yatsana, ya sake.
Na ɗaure.
Firji ya yi tari sau ɗaya,
sannan ya kama gurnaninsa.

Madam Asta ta leƙa, ta shafa, ta shinshina.
Ta ce: Sefa dubu biyu a kan me?
Ni ban ga ka sa komai ba.
Na ce: Madam, abin da ba ki gani ba shi kika saya.
Shi ma yana gajiya.
In damina ta ɗauke, ki aiko yaron.

Damina biyu ke nan da muka kai Malam makwanci.
Shagon ya zama na masu cajin waya.
Na sa gwangwani a jaka, ya yi sauƙi,
na girgiza shi kusa da kunne.
Da saura.